Shin Sai da Batsa Ake Ba Mutane Dariya?

Tambaya: Wani matashi da ke ɗora gajerun bidiyon barkwanci a intanet, yana kuma burin wata rana ya tsaya a kan dandamali shi kaɗai da makirufo, ya rubuto cewa abokan aikinsa sun sa shi a gaba: wai in bai sa batsa ba, ba zai taɓa tara mabiya ba. Ya ce haka yake gani a wajen manyan 'yan kwamedin Amurka da na Legas, da cikin fina-finai. Yana so ya sani, gaskiya ne sai da batsa ake dariya? Kuma daga wajen Turawa muka kwaso wannan ɗabi'a?

Amsa:

Ƙanena, abokanka ba ƙarya suka yi maka gaba ɗaya ba. Batsa tana kawo dariya. Duk wanda ya ce maka ba ta kawowa, bai taɓa tsayawa gaban taro yana gumi, taron kuma ya yi tsit yana kallonsa ba. Na shafe shekaru ina koyar da wasan kwaikwayo, ina kuma gyara wa mutane rubutun fim, na ga yadda kalma ɗaya mara kunya ke tayar da ɗakin da ya yi sanyi. Abin da ba su faɗa maka ba shi ne irin dariyar da take kawowa, da tsawon lokacin da take ɗauka kafin ta mutu.

Mu fara raba tsaki da tsakuwa, domin mutane suna cuɗa abubuwa uku wuri ɗaya. Ashar daban, wato zagin uwa da uba da danginsu, wanda abokan wasan Katsinawa ke tsokanarsu da cewa shi ne gaisuwarsu. Batsa daban, wato kiran al'aura da abin da ke tsakanin namiji da mace da sunansu ƙarara. Sai kuma na uku, wanda shi ne gwanintar Bahaushe: sakaya zance. A faɗi maganar a rufe, babba ya gane, yaro ya wuce bai ji komai ba. Na ukun nan shi ne sana'a. Na biyun ba ya buƙatar wata fasaha, ko ɗan tasha da ya sha ya bugu ya iya shi.

Ga misali, tunda maganar ba ta fita sai da shi. Dattijo ya auro yarinya ɗanya shakaf. Bayan kwana bakwai ya fito majalisa yana dogara sanda, abokai suka ce, "Malam, ya amarya?" Ya ce, "Amarya lafiyarta ƙalau. Ni ne dai nake neman a sa ni a addu'a." Babu kalmar da za ka ji kunyar faɗi a gaban surukinka a nan. Jikanka na zaune zai ɗauka kaka zazzaɓi yake yi. Amma duk baligin da ke wurin ya ƙarasa labarin a cikin kansa, kuma wannan ƙarasawar ita ce ke ba shi dariya. Yana dariyar abin da ya gano da kansa, yana jin daɗin cewa an ɗauke shi mai hankali. Yanzu ka sake ba da labarin, ka sa dattijon ya zayyana abin da ya faru a ɗaki filla-filla. Za a yi dariya, har wataƙila ta fi ta farko ƙara. Sai dai dariyar firgita ce, irin wadda ake yi in wani ya saki tusa a sahu. Mutum yana yi yana waige ya ga wa ya ji shi. Gobe in ka maimaita ba za ta yi wannan ƙarar ba, sai ka ƙara. Jibi ka sake ƙarawa. Mai tsire in namansa ya kwana, yaji yake zabgawa. Wanda ya saba da irin wannan yajin kuwa, harshensa mutuwa yake yi.

Me ya sa abin kunya ke ba da dariya tun farko? Saboda kunyar ce. Mu mutane ne da uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, mace ba ta kiran sunan mijinta, suruki da suruka suna kauce wa juna hanya. Al'ummar da ta ɗaure kanta da irin wannan kara da alkunya tana da tarin abin da ta danne, kuma duk wanda ya ɗan ɗaga murfin sai tururi ya fito. Sigmund Freud, likitan nan ɗan Austriya, ya yi littafi guda a kan barkwanci a 1905, kuma akwai abu ɗaya da ya lura da shi da nake ganin ya dace da mu. Ya ce barkwancin batsa mutum uku yake buƙata: mai faɗi, mai saurare, da wadda ake tuɓewa da baki, wadda galibi mace ce. Ka riƙe wannan. Duk lokacin da ka rubuta irin wannan abu, ka tambayi kanka wa ya biya kuɗin dariyar. A labarin dattijon can, shi ya biya da kansa, kansa ya yi wa dariya. A yawancin abin da nake gani a wayoyi yanzu, bazawara ce ke biya, ko mai talla, ko mai ƙiba, ko 'yar aiki.

Batun cewa daga Turawa muka samo, a'a. Wannan daɗin baki ne muke yi wa kanmu. Tun kafin a kafa sinima a Kano 'yan gambara ke zagaya kasuwanni, su biyu ko fiye, ɗaya na jefa magana ɗaya na cafewa, kuma an san su da baki mara linzami. Mutum yakan ba su kuɗi ba don ya ji daɗi ba, don su matsa daga bakin rumfarsa kafin su sa shi a waƙa. 'Yan kama kuwa, su ne ainihin kakannin sana'ar da kake so ka shiga: mutum ya tsaya a fili ya kwaikwayi malami yana wa'azi, amma duk ayoyinsa a kan tuwo da miya da nama suke, ya kwaikwayi mawaƙi ya juya masa waƙa. Har wani Bature mai suna Gidley ya yi nazari a kan 'yankamanci a 1967. A cikin gida kuma, wanda ya taɓa laɓewa yana yaro ya ji abin da mata ke rerawa wajen daka da niƙa, ko ranar wunin biki in an kifa ƙwarya ana amada, ya san iyayenmu mata ba kurame ba ne a wannan fage. Marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta yi suna ne da faɗin abin da mata ke faɗi in babu maza a wurin. Har yau ma, mai maganin gargajiya da ke kafa lasifika a kan mota a bakin kasuwa yana bayanin basir da sanyin mara, rabin mutanen da suka kewaye shi ba magani suka zo saye ba. Kallo suka zo, shi ma ya sani. Shi ya sa hukumomi a Kano suka sha jan kunnensu a kan kalaman batsa.

Abin da kakanninmu suke da shi, mu muka rasa, shi ne katanga. Kowace irin magana tana da wurinta da mutanenta. Kaka ta kira jikanta "mijina" ta tsokane shi, ba wanda zai ɗaga kai. Taubasai su yi wa juna tatas. Matar wa da ƙanin miji, Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe, kowa ya san iyakar lasisinsa da wanda ya ba shi. A Nijar wannan wasa na dangi har UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin al'adun duniya da ake tattalinsu a 2014. Amma maganar da jika zai faɗa wa kaka, in ya faɗa wa ubansa, sai an kwana ana ba da haƙuri. Waƙar da aka yi a tsakar gida ranar biki ba a kawo ta zaure. Su kansu 'yan gambara, ana sauraronsu ana dariya, amma ba kowa ke ba su 'yarsa ba. Al'umma ta ba su fili, ta kuma caje su kuɗin filin da mutuncinsu.

Tunda ka ambaci Amurka, bari in daɗe a can kaɗan, domin matasa suna ganin ƙarshen labarin ba su san farkonsa ba. Wanda ya fasa wannan ƙofa a barkwancin dandamali shi ne Lenny Bruce. An kama shi a San Francisco a 1961 saboda kalmar da ya furta a wani kulob, kotu ta sallame shi. Aka sake kama shi a Chicago, aka kama shi a New York a 1964, inda aka same shi da laifi aka yanke masa wata 4. A shari'ar New York ɗin, wani jami'in gwamnati da ya zauna cikin 'yan kallo yana rubutu a ɓoye shi ne ya tsaya gaban alƙalai yana karanto kalmomin ɗaya bayan ɗaya, babu murya, babu fuska, babu abin da ya zo kafin su ko bayansu. Bruce ya yi ta ƙorafin cewa ana hukunta shi ne a kan wasan da wani ya yi, ya kuma yi shi ba daɗi. Masu kulob suka daina gayyatarsa don tsoron a ƙwace musu lasisi, ya talauce, ya mutu a 1966 yana da shekara 40. Sai a 2003 gwamnan New York, George Pataki, ya yi masa afuwa, shekara 37 yana kabari. Kuma da yawa daga waɗanda suka bi shari'o'insa sun tafi a kan cewa ba kalmomin kaɗai suka jawo masa ba: yana taɓa coci da malamanta, yana taɓa wariyar launin fata da munafuncin manya.

Bayansa George Carlin ya yi wani wasa a kan kalmomi 7 da ba a yarda a faɗa a talabijin ba, aka kama shi a Milwaukee a 1972. A 1973 wani gidan rediyo a New York ya sa faifan irin wannan wasa nasa da misalin ƙarfe 2 na rana. Wani uba yana tuƙi da ɗansa a mota ya ji, ya kai ƙara wajen hukumar da ke kula da kafofin yaɗa labarai. Maganar ta kai Kotun Ƙoli, a 1978 alƙalai 5 cikin 9 suka ce hukuma tana da ikon tsawatarwa. Ka lura da abin da suka yanke. Ba su ce Carlin ya daina faɗin kalmominsa a kulob ba, inda baligi ya sayi tikiti da ƙafarsa ya shiga. Sun ce rediyo yana shiga gida da mota ba sallama, kuma da rana yara na ji. Daga nan aka zo ga ƙa'idar da suke bi har yau, cewa irin wannan magana a rediyo da talabijin na kowa da kowa sai tsakanin ƙarfe 10 na dare da 6 na safe. Wato su ma katangar suka gina, da agogo maimakon zaure. A fim ma haka: daga 1934 Hollywood ta bi wata doka mai tsauri da ta hana kusan komai, wanda ya tilasta wa marubutansu koyon sakaya zance, kuma masana fim da yawa suna ganin a lokacin ne aka yi barkwancin da ya fi kaifi. A 1968 aka ajiye dokar aka koma rarraba fina-finai bisa shekarun mai kallo. Don haka ɗan kwamedin da kake gani yana zuba ashar a Netflix, a cikin ɗaki mai ƙofa yake, an rubuta gargaɗi a jikin ƙofar. Kai kuwa TikTok ɗinka ba shi da ƙofa.

A nan gida an kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, bayan ƙaddamar da Shari'a a 2000. Abin da ya girgiza masana'antar a 2007 kuwa ba a fim ya fito ba. Bidiyon waya ne na sirri na wata 'yar fim da ya fita yana yawo daga hannu zuwa hannu, amma 'yan fim gaba ɗaya suka ɗanɗana kuɗarsa. A shekarar aka naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim, wanda ya fito daga Hisbah, ya shugabanci hukumar, aka shiga kame. A 2008 kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure marigayi Rabilu Musa Ibro wata 2, ana tuhumarsa da rawar da ba ta dace ba a wani fim da kuma kamfani mara rajista. Mutumin da ya yi aikin gandiroba kafin ya shiga fim, sai ga shi a ɗaya gefen ƙofar. Mutane da yawa a masana'antar sun yi imanin cewa wata waƙa da ake gani shaguɓe ce ga masu mulki ita ce ta jawo. Ka ga biri ya yi kama da mutum: a New York da Kano, tuhumar batsa sanda ce mai sauƙin ɗauka in ana so a doki mai barkwanci saboda wani abu daban. Wannan dalili ne na sana'a da ya sa nake hana ɗalibaina batsa. In kana so wata rana ka taɓa kansila ko gwamna ko ɗan kasuwa mai ɓoye abinci, kada ka bar musu wannan sandar a bakin ƙofarka. Ranar da suka tashi, ba za su ce ka zagi gwamna ba. Tsohon bidiyonka za su tono.

Shi Ibro ɗin, wanda ya rasu a Disambar 2014, ka koma ka kalli abin da ya sa har yau yara ke kwaikwayonsa. Fuska ce, da tafiya, da murya, da yadda yake shiga rigar mutum: ɗan daudu yau, gobe boka, jibi ɗan siyasa ko attajirin ƙarya. Finafinan camama ba su rasa wuce gona da iri ba, amma ba wannan ne jarinsa ba. Kafin shi, Samanja da Ƙasimu Yero sun riƙe Arewa shekara da shekaru a rediyo da talabijin, uba da uwa da yara a tabarma ɗaya. Samanja da gurɓatacciyar Hausarsa ta barikin soja kaɗai ya ishe ka ciwon ciki.

Hukuncin addini a fili yake, ba sai na tsaya ba: hadisi ya ce mumini ba mai yawan suka ba ne, ba mai la'anta ba, ba mai alfasha ba, ba mai batsa ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana raha, ba ya faɗin komai sai gaskiya. Zan dai ƙara abu ɗaya da ba a cika faɗi ba. Littattafan fiƙihu suna kiran abubuwa da sunansu a babin tsarki da aure, saboda koyarwa. Amma akwai masu wa'azin da suka gane cewa wannan babin yana tara jama'a, sai ka ji an baro mas'ala an shiga ba da dariya, ana ta kabbara, ana yanka wurin ana yaɗawa. Wannan ma kwamedi ne, rawani kawai aka naɗa masa. In za a yi wa yaran TikTok faɗa, a haɗa da su.

Yanzu ga maganar mabiya, wadda ita ce ainihin abin da ke damunka. E, bidiyon batsa yana saurin yaɗuwa. Manhajar ba ta san dariya ba, tsayawar ido take ƙirgawa, kuma wanda ya tsaya don ya tsine maka da wanda ya tsaya don ya ji daɗi duk ɗaya ne a wajenta. Sai dai ka tambayi kanka ina kuɗin wannan sana'a yake a ƙasarmu. Yana wajen tallan kamfanoni, da gabatar da taron biki, da fitowa a fim mai dogon zango da ake kallo a falo, da gayyatar taron hukuma ko na makaranta. Duk waɗannan, wanda ke sa hannu a biya ka mutum ne mai iyali da ke tsoron abin da za a ce. Ko a Legas da kake gani, manyan da suka daɗe suna da baki biyu: wanda suke amfani da shi a wasan dare na masu tikiti, da wanda suke zuwa da shi taron banki ko na coci. Kuma intanet ba ta mantuwa. Basketmouth, fitaccen ɗan kwamedin Legas, ya yi wani barkwanci a kan fyaɗe a 2014, a 2019 aka tono shi, Tarayyar Turai ta cire shi daga cikin waɗanda ta zaɓa don yaƙi da cin zarafin mata. Shekara 5 tsakani. A Kano kuma ka ga yadda Hisbah da kotuna suke yi da 'yan TikTok a 'yan shekarun nan, ba sai na ba ka labari ba.

Ba ina ce maka ka guji zancen aure da kishi da zawarci da tsufa ba. Nan ne dariyar take, kuma wanda ya bar wannan gona ya bar rabin rayuwa. Ka shiga, amma da fasaha. Ɗauki rubutunka guda uku da abokanka suka fi so, ka soke duk kalmar batsa da ke ciki, ka karanta wa mutum biyu da ba su taɓa ji ba. Wanda ya tsaya da ƙafarsa, dama bai buƙace ta ba. Wanda ya faɗi, ka zauna ka nemo inda za ka tsaya da magana mai sauraro ya ƙarasa. Ka je ka zauna wajen tsofaffi mata in suna habaici, da majalisar mahauta, da teburin mai shayi bayan isha'i. Ka saurari inda suke yin shiru, ba inda suke magana kaɗai ba.

Na taɓa zuwa wata liyafar biki a wani ɗakin taro, aka ɗauko wani matashi mai gabatarwa, yana da baiwa ƙwarai, ya riƙe wurin kusan awa guda. Da ya ga teburan abokan ango sun ɗauki zafi, sai ya saki wata magana a kan daren farko, a buɗe, ba ko mayafi. Da a ɗakin angwaye ya faɗe ta, su kaɗai, da ta wuce. Teburan samari suka fashe har da buga tebur. Amarya ta sunkuyar da kai. A gefen dama, inda iyaye mata suke, na ga wata dattijuwa ta jawo gyalenta ta miƙe, sai ta biyu, sai ta uku, a hankali layin ya zama wayam. Shi bai ma lura ba, yana kallon inda ake tafi. Uban amarya ya biya shi kuɗinsa cif, bai ce masa uffan ba. 'Ya'ya mata huɗu suka rage wa mutumin nan bai aurar ba a lokacin. Na halarci bikin uku daga ciki, kuma wani ne daban ke riƙe da makirufo.